Rawaya Hagu, Koriya Dama

Da hantsi tirelar ta shigo garejin, tana nishi da lodin siminti, kuma tun kafin ta gama juyawa Mai Waya, mai gyaran wutar mota, ya san wanda ke kan sitiyari. Ƙaninsa ne, Auta, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai ya ƙara sunkuyawa kan batirin da yake dubawa, wai shi bai ji shigowar komai ba, alhali motar ta kusa cinye filin garejin gaba ɗaya.

Duk mai sana'a a layin nan ya san waɗannan biyun ba sa ga maciji. Tun rasuwar mahaifiyarsu abin ya samo asali. Auta yana kan hanya lokacin da jikinta ya tsananta, aka yi ta kiransa, ya ce bari ya sauke kaya ya juyo, bai iso ba sai da aka rufe ta. Mai Waya kuwa bakinsa ba shi da linzami. Ya dube shi a gaban masu gaisuwa ya ce, "Ai mota ce uwarka, koma wurinta." Daga ranar magana ta mutu a tsakaninsu. Kada ka tambaye ni wa ke da gaskiya. Dangi sun yi sulhu sun gaji, an ce musu hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kowannensu ya gyaɗa kai ya tashi da abinsa a ciki.

To me ya kawo Auta? Dole ce ta kawo shi. Mai motocin da yake yi wa tuƙi ba ya yarda kowa ya taɓa masa wayarin sai Mai Waya, don duk garin babu mai hannunsa a gyaran wutar mota. Hali ne dai babu. Ko yaran shago ba sa daɗewa a wurinsa, shi ya sa kullum shi kaɗai yake aikinsa.

Auta ya diro daga mota, ya wuce yayansa kamar ya wuce turke, ya nufi maƙwabcin shagon, Mai Faci, wanda ke zaune kan taya yana goge tufun taya da zai yi wa faci.

"Mai Faci, ka gaya wa mai shagon nan fitilun baya sun haukace. In na taka birki sai duka su dushe. In na sa sigina, fitilar birki ce ke ƙiftawa."

"Ikon Allah," in ji Mai Faci. "Ga ka, ga shi, kunnensa ƙalau. Ni yaushe aka ɗauke ni aikin tafinta?"

"Ka gaya masa sauri nake."

"Ka gaya masa," in ji Mai Waya, yana kallon batir, "mai sauri ya ɗauki motarsa a kai."

Mai Faci ya yi dariya ya girgiza kai. Ana haka wani ya zo da taya a kafaɗa daga bakin titi ya ce motarsa na can ta yi faci, Mai Faci ya kwashi kayansa ya bi shi. Garejin ya rage daga wa sai ƙani.

Mai Waya ya ɗauki testa, wato ɗan ƙwan fitilar nan mai waya da tsinke, ya fara daga inda ake farawa. Ƙwayayen fitilun baya lafiya lau, ko ɗaya bai ƙone ba. Fiyus ma ƙalau. Ya hau bayan kan motar inda igiyar wuta ke haɗa kai da tirela, ya zare fulogin, ya tsikari ramukan soket ɗaya bayan ɗaya, wuta na zuwa yadda ya kamata. Ashe kai ba shi da laifi. Da ya juyo da fulogin tirelar ya leƙa bakinsa sai ya yi tsaki. Ruwa ya daɗe da shiga, ƙarafunan ciki sun yi kore shar, wani ma ya kusa cinyewa. Ya bi farar waya har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen tirela, ya tarar tsatsa ta yi mata gida. Nan ne haukan fitilun yake: wuta in ta rasa hanyar komawa, sai ta bi ta cikin kowace fitila tana neman mafita. Ya kwance notin, ya kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure tam.

Saura fulogi. Yana da ƙa'ida guda da bai taɓa tsallakewa ba tun yana koyo: kafin ka yanke tsohon fulogi, buɗe shi ka ga yadda na gabanka ya jera wayoyinsa. Amma yau Auta na tsaye can jikin bango, ya harɗe hannu, yana duba agogo yana busar iska, kuma kowace busa sai Mai Waya ya ji ta har cikin ransa. So yake yaron nan ya ɓace masa da gani. Ya sa filaya ya datse igiyar, ya jefa tsohon fulogin cikin gwangwanin tarkace, ya fere wayoyin ya jera su a sabon da ka, kamar yadda ya jera dubunsu: rawaya hagu, koriya dama, ja birki, fara jikin ƙarfe, sauran na fitilun dare.

Gwajin fitilar tirela kuwa aikin mutum biyu ne. Ɗaya na cikin mota, ɗaya na baya, tsakaninsu tsawon tirela guda, sai an ɗaga murya. Na baya ya ce birki, a taka. Ya ce hagu, a sa hagu. To wa zai ɗaga wa wa murya a nan? Mai Waya ya je baya ya tsaya, ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa ƙarfen tirela. Auta ya gane, ya hau ya taka birki, jajaye biyu suka kama rangaɗau. Ƙwanƙwasa, fitilun dare suka kawo. Ƙwanƙwasa, sigina ɗaya ta shiga ƙiftawa. Ƙwanƙwasa, ɗayar ma ta amsa. Mai Waya ya buga sau biyu alamar an gama, ya juya ya koma shago. Auta ya ja motarsa ya fita, ko hon bai yi ba.

Rana ta take sosai lokacin da Mai Waya ya zauna tsince gwangwanin tarkace. Ɗabi'arsa ce, ba ya yar da tsohon abu sai ya cire sukurorinsa. Ya buɗe fulogin nan yana ƙunƙuni kan direbobin da ba sa rufe soket in ana ruwa. Guntayen wayoyin na nan a maƙale kowace a raminta. Ya duba, ya sake dubawa, ya kai fulogin bakin ƙofa inda haske yake. Koriya ce a ramin hagu. Rawaya na ramin dama.

Ya san abin da ya faru kamar a gabansa aka yi. Wani ɗan gyara-ɓata a wani gari ya taɓa haɗa igiyar a ƙarƙashin tirela ya sarƙe launukan, da ya ga sigina ta juye, maimakon ya koma ya gyara sai ya musanya su a fulogi. Ɓarna biyu suka haɗu suka yi daidai. Shi kuma yau ya zo ya gyara guda ya bar guda. Yanzu in Auta ya sa hagu, allon gabansa zai nuna masa hagu, fitilar kan motar ma hagu, amma can baya dama ce za ta ƙifta. Kuma a gwajin nan nasu na kurame babu wanda ya furta hagu ko dama.

Wanda bai san hanya ba zai ce to mene ne, ai sai a gyara in ya dawo. Amma siginar tirela a babban titi magana ce. Na bayanka ba ya ganin gaba, jikin motarka ya tare masa duniya, kai ne idonsa. Ka sa masa dama, ka ce hanya ta yi, wuce. Ka sa masa hagu, ka ce kada ka kuskura ka fito, ga mota nan tafe. Auta kuma direba ne mai kirki a wannan fannin, ba ya barin na baya cikin duhu. Hanyar da ya ɗauka siririya ce, mota ɗaya zuwa ɗaya dawowa, ga hawa ga kwana, ga lodin siminti da zai sa ya tara layi a bayansa. Duk wanda ya ce wa kada ka fito, wuce zai gani.

Ya laluba lambar Auta da ya daɗe bai taɓa ba. Ta yi ƙara sau biyu aka katse. Ya sake, aka katse. Ya fito da gudu, ya tarar Mai Faci ya dawo yana wanke hannu, ya tura masa fulogin a fuska yana bayani a gurguje.

"Kira shi da taka. Tawa ba zai ɗauka ba."

Mai Faci ya kira. Aka ɗauka, ƙarar inji na tashi, muryar Auta ta ce, "Mai Faci, yaya aka yi?" Maimakon Mai Waya ya bar mutumin da ake saurara ya yi magana, sai ya fizge wayar, kuma abin da ya fito daga bakinsa shi ne irin muryar da ya saba yi wa Auta tun yana ƙarami.

"Kai, ka tsaya inda kake yanzun nan."

Ɗif, aka kashe. Suka sake kira, ba a ɗauka ba. Suka aika saƙo, amma wane direba ne ke karanta saƙo da siminti a bayansa? Suka sa matar Auta ta kira, suka sa mai motocin ya kira, duka amsa ɗaya: ba a samunsa. Ya riga ya shiga tsakanin duwatsu inda waya ba ta kamawa, kuma a wannan tafiyar ko yaron mota ba shi da shi.

"Da ka bar ni na faɗa masa," in ji Mai Faci a hankali. "Kalma uku ce fa, Malam."

"Na sani. Ina makullin motarka?"

Motar Mai Faci tsohuwa ce, ƙofar gefe da igiya ake ɗaure ta, amma injinta na da rai. Mai Waya ya cusa sukudireba da testa a aljihu, suka fita ko shago ba su rufe ba. Gari ya ƙare, gonaki suka fara, titi ya tsuke. Mai Faci mutum ne da bakinsa ba ya hutawa, amma yau sai addu'a yake a ƙasan maƙoshi. Mai Waya kuwa lissafi yake da zuciyarsa. Wataƙila hanya babu cunkoso yau. Wataƙila Auta, saboda fushin kiran nan, ba zai kula kowa ba. Karon farko a rayuwarsa ya roƙi Allah ya sa ƙaninsa ya zama marar kirki.

Bayan sun wuce wata gada, a gindin hawa, suka hango taro. Mai Faci ya sassauta. Wata ƙaramar mota shuɗiya ce kwance a rami ta gefenta, katifa ɗaure a samanta, tukwane da bokitai sun watse cikin ciyawa, da gani masu ƙaura ne. A ɗaya hannun wata babbar mota na tsaye, kusurwar gabanta ta lotse. Wata mata na zaune a ƙasa, jini a goshinta, ba ta kuka, kallon tafin hannunta kawai take. Wani mutum kuma yana gudu zuwa wata motar da aka tsayar, rungume da ƙaramar yarinya, hannunta ɗaya na reto.

"Mu tsaya?" in ji Mai Faci.

"Akwai mutane. Mu je."

Ya faɗa wa kansa cewa hanyar nan kullum sai an yi hatsari a kanta, tun kafin a haifi fulogin nan. Ya faɗa, ya maimaita, zuciyarsa ta ƙi karɓa. Tsoro ne ya cika shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Can a wani dogon hawa suka cim ma tirelar. Tana rarrafawa tana hayaƙi, motoci uku a bayanta. Mai Faci ya yi ta hon yana kutsawa, ana zaginsa yana ba da haƙuri da hannu, har suka zama su ne a gindinta. Fitilun da Mai Waya ya gyara na nan suna ƙyalli. Suka yi hon, suka kunna fitila, amma Auta bai san motar wa ke bayansa ba, mai gaggawa kawai ya gani a madubi. Sai fitilar dama ta fara ƙiftawa.

Mai Faci ya san labarin, shi aka fara gaya wa. Amma hannun da ya saba ba ya jiran kai. Yana ganin dama ya karkata sitiyari ya leƙa hancin motar. Mai Waya ya cafke sitiyarin ya fizgo shi, a daidai lokacin wata tankar mai da ke tahowa daga gaba ta shafe su da iska, hon ɗinta na tsaga kunne. Motar ta yi tangal-tangal ta dawo layi.

"Innalillahi," in ji Mai Faci. Gumi ya jiƙe masa riga.

Wata bas da ke bayansu ma ta fara leƙowa. Mai Waya ya fitar da rabin jikinsa ta taga yana kaɗa mata hannu ƙasa-ƙasa, yana ihu, direban ya ɗauka mahaukaci ne ya koma layi. Motoci biyu masu tahowa daga gaba suka sake wucewa fiu, fiu. Sannan dama ta mutu, hagu ta kama.

"Yanzu. Wuce."

"Malam, kwana ce fa, ba na ganin komai. Kuma hagu ya sa."

"Dama ya sa. Auta ba ya ba da hanya sai ya gani da idonsa. Taka."

Mai Faci ya yi bisimilla ya taka. Suka bi gefen tirelar, taya bayan taya, tsawonta ya ƙi ƙarewa. Hanya fayau, ko akuya babu. Suka sha gabanta, suka sassauta, suka yi ta nuna gefen titi har ta saki iska ta tsaya a wani fili mai tsakuwa.

Auta ya diro idonsa jawur. Da ya ga wanda ke fitowa daga motar sai ya ja ya tsaya.

"Har kan hanya kuma? Me na yi maka?"

"Siginarka a juye take," in ji Mai Waya. "Ta baya. Ni na juya ta."

Auta ya dube shi bai gane ba. Mai Waya ya ce wa Mai Faci ya hau ya sa hagu, ya kama hannun rigar ƙaninsa ya ja shi har bayan tirela. Mai Faci ya leƙo ta taga ya ce, "Hagu ke nan." Fitilar dama tana ƙiftawa, a natse, kamar ba ta yi komai ba.

Auta ya daɗe yana kallonta. Jan idon ya tafi, fuskarsa ta yi toka.

"Tun daga gareji?"

"Tun daga gareji."

"Akwai wata ƙaramar mota," in ji Auta. "Bayan gada. Da katifa a sama. Na ga babbar mota tafe, na ba shi hagu. Wallahi hagu na ba shi, Yaya. Sai na ga ya fito. Na ga ƙura a madubi, kwana ta rufe. Na ɗauka ya sauka gefe ne ya tsira. Har zaginsa na yi, na ce wawa ne ba ya jin magana."

"Ya ji maganarka. Abin da ya gani ya bi."

"Kun gan su?"

"Mun gan su."

"Suna da rai?"

"Ban tsaya ba. Kai nake bi."

Auta ya zauna a kan tsakuwa, ya haɗa kai da gwiwa. Mai Waya ya hau bayan kan motar, ya zare sabon fulogin ya buɗe. Ya sassauta sukuro biyu, ya mayar da koriya ramin hagu, rawaya ramin dama, ya ɗaure. Aikin bai kai shan ruwa ba, kuma wannan ƙanƙantar tasa ita ta fi ƙona masa rai. Mai Faci ya sake gwadawa, yana faɗar kowace da sunanta, kowace ta amsa a wurinta.

Babu wanda ya yi murna. Auta ya miƙe, ya kulle kan motar, ya sa duwatsu a tayoyi, ya buɗe ƙofar bayan motar Mai Faci ya shiga ba tare da an ce masa ba.

"Gida za mu?" in ji Mai Faci.

"Gada," in ji Mai Waya. "In an kwashe su, mu bi su asibiti. Ni zan yi bayani, hannuna ne ya yi."

Mai Faci ya tayar da mota yana duba hanya don ya juya. Daga baya Auta ya dafa kujerar yayansa.

"Yaya, da yara a ciki?"

Mai Waya ya buɗe baki zai ce bai lura ba. Ƙaryar na nan a kan harshensa, mai sauƙi, kuma da ta ba Auta ɗan numfashi kafin su isa. Ya juyo ya dubi ƙaninsa ido cikin ido.

"Akwai yarinya," ya ce.

Auta ya saki kujerar ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Mai Faci ya juya motar suka kama gangara.